Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Malam Edita, ina roƙon arziki ka ba ni ɗan fili a cikin wannan mujalla tamu, domin in amayar da wata magana da ta tokare mini maƙogwaro tun 'yan watannin baya. Na san ba kowa zai ji daɗinta ba, musamman ƙannenmu 'yan gayu maza da mata, har ma da waɗansu daga cikin malamanmu masu daraja. To amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa ɗakina ya daɗe yana yoyo.

Abin da ya faru shi ne, wata ƙanwata, 'yar kawuna, wadda ta koyi ɗinki har Allah ya buɗa mata ta kama shago, ita ce ta kawo mini katin gayyata zuwa wani irin biki da ake yayi yanzu a birnin nan na Kano, wai shi baje kolin tufafi. Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda ake yi. Ana kama babban zaure na haya, a kafa dogon dandamali a tsakiya, a kunna fitilu masu kashe ido, a saki kiɗa, sa'an nan 'yan mata da samari su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya sanye da ɗinkin wani tela, su yi taku har ƙarshen dandamalin, su tsaya, su juya, su koma, fuska a murtuke sai ka ce an ci musu bashi. Telan kuwa kada ka kuskura ka ce masa tela, sunansa dizaina. Abin daga Faris da Milan ya taso, ya sauka Legas inda aka fara makon nunin tufafi a 2011, ya biyo ta Abuja, ga shi yau ya iso mu.

Ba zan yi ƙarya ba, na ga ɗinki. Na ga hannu, na ga basira, na ga yaran da in da za su sami mai tallafa musu da sun yi nisa. Abin da ya ɓata mini rai sanƙiran bikin ne. Tun da ya karɓi lasifika ba abin da yake maimaitawa sai al'ada. Wai mun taru ne mu raya al'adunmu, wai mu nuna wa duniya irin suturar Bahaushe, wai kayan gida sun fi na waje. Na fara ƙirga sau nawa zai ambaci kalmar, da na kai ashirin sai na gaji na bari. Jama'a kuwa sai tafi suke yi.

Da aka tashi sai na zaga bayan labule wurin ƙanwar nan tawa, na ce ta ba ni kayan in duba. Na ɗauko shadda, ta gaya mini ta Ostiriya ce, wadda ke kusa da ita kuma kwaikwayonta ce daga ƙasar Sin. Leshi na waje. Atamfa na waje. Zaren da aka yi aikin wuya da shi na waje, zif na waje, maɓalli na waje, keken da aka ɗinka su da shi na waje. In ka cire gumin tela, babu ko sili ɗaya a cikin tulin kayan nan da ya fito daga ƙasar da ake cewa ana raya al'adarta. Da ta ga ina juya bakin zane ina karanta tambari sai ta ce, "Yaya, kai dai ba ka rasa abin faɗa. To na gidan, a ina zan samo shi?" Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai na ga ba ni da ita. Wannan tambaya tata ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ni a Na'ibawa aka haife ni, a nan na tashi, kuma waɗanda muke shiga aji tare sun san na dawo karatu ne da furfura a gemu, saboda haka abin da zan faɗa na gani da idona. Yau in an ce Na'ibawa, abin da zai zo wa mutum a rai shi ne 'Yan Lemo da 'Yan Katako da tashar mota ta kan titin Zariya. Amma sa'ad da muke yara, kusan rabin gidajen layinmu na ma'aikatan kamfani ne. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, shekara goma sha tara ya yi yana tsaye a gaban injin saƙa a wata masaƙa a Sharaɗa, wadda ba sai na faɗi sunanta ba. Aiki kashi uku ne, na safe da na rana da na dare, inji ba ya hutawa. In lokacin canji ya yi, sai ka ga kekuna sun cika hanya kamar an saki garken tumaki, masu fita suna gaisawa da masu shiga. A bakin ƙofar kamfani ga mai shayi, ga mai ƙosai, ga mai faci, ga mai tuwo, kowa yana cin abinci a jikin injin nan. Baba yakan dawo gida da ƙurar auduga a gashin gira, kunnensa ya yi nauyi saboda ƙarar inji, har sai an ɗaga murya in za a yi masa magana. Amma ƙarshen wata akwai albashi, da shi aka sa mu makaranta, da shi aka sayi filin da muke ciki. Kayan sallarmu kuwa daga guntayen yadin da ake sayar wa ma'aikata da rahusa ake ɗinka mana su. In mun fita yawon salla nakan nuna rigata in ce Babana ne ya saƙa. Wace al'ada ce ta fi wannan?

Sai aka fara da soke aikin dare. Daga nan aka ce kowa ya tafi hutun dole, za a neme su. Wata safiya suka je suka tarar da ƙofa a garƙame da kwaɗo. Mutumin da ya san ciki da wajen inji kamar yunwar cikinsa ya koma yana sauke kwandunan lemo a bakin titi, abokansa waɗansu suka kama acaɓa, waɗansu suka koma ƙauye, waɗansu baƙin ciki ya kwantar da su. Har ya bar duniya yana jiran cikon kuɗin sallamarsa. Yau ka zaga Sharaɗa da Calawa da Bompai. Ban ce babu masu aiki ba, akwai masu roba da masu casar shinkafa da masu jima da sauransu. Amma ka tambayi masaƙu. Da yawa daga cikin manyan rumfunan nan ciyawa ta cinye su, waɗansu kuma an kwashe injinan an mai da su sito, ana jibge kayan da aka shigo da su daga waje. Watau gidan da ake saƙa a cikinsa ya zama ma'ajiyar abin da ya kashe saƙar.

Domin kada wani ya ce dama can mu ba masu yin tufafi ba ne, bari in ɗan waiwaya baya. Baturen nan Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851. Abin da ya fi ba shi mamaki ba ganuwa ba ce, ba kuma fada ba ce, tufafi ne. Ya rubuta cewa saƙar Kano da rininta suna kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus ta arewa, suna kaiwa Tambutu har bakin tekun yamma, ya kuma ƙiyasta abin da ake fitarwa kowace shekara da wuri miliyan 300 a ƙalla. Kuma ba a wani ƙaton gini guda ake yin wannan aiki ba. Manomi ya noma auduga, mata su gurje ta su shiɓe ta su kaɗa zare, masaƙi ya saƙa, marini ya tsoma a baba, mabugi ya buge shi har ya yi ƙyalli, tela ya haɗa, mai aikin allura ya zuba aska biyu ko aska takwas, fatake su ɗora wa raƙuma da jakuna. Riga ɗaya takan ciyar da gida bakwai ko takwas kafin ta hau wuyan mai ita. Marinar Ƙofar Mata, allon da ke bakinta ya ce tun 1498 take, watau ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Rawanin nan baƙi mai sheƙi da Buzaye ke ji da shi, har yau sunansa ɗan Kura, domin a Kura ake yinsa.

Ko Turawan mulki ma ba su sami saƙarmu da sauƙi ba. Sun kafa ƙungiyar noman auduga ta Ingila a 1902, burinsu ƙasar Hausa ta zama gonar da za ta riƙa ciyar da masaƙun Lankasha. Da wannan buri aka jawo dogo har ya iso Kano a 1911. Da jirgi ya iso sai suka tarar masaƙanmu na gida suna sayen auduga da kuɗin da ya fi wanda Bature zai iya biya, manomi kuma da ya tashi neman abin sayar wa kamfani sai ya zaɓi gyaɗa. Ka ji mutum da 'yar ƙoshiyarsa a gindin bishiya ya gagari masu inji a kasuwar auduga. Da 'yanci ya matso, su Sardauna suka ga cewa tun da zamanin inji ya zo, to gara injin ya zama a ƙasarmu yake. Aka buɗe masaƙar Kaduna, watau KTL, a 1957, waɗansu suka biyo baya a Kakuri irin su UNTL da Arewa. A nan Kano attajirai suka zuba jari, aka sami masaƙu irin su Bagauda da Gaskiya da waɗansunsu. Bompai ita ce babba a unguwannin masana'antu, Sharaɗa da Calawa suka biyo ta. Audugar Funtuwa da Malumfashi da Gusau ta sami mai saye a gida. A farkon shekarun 1980 masaƙun ƙasar nan sun haura ɗari, kuma in ka cire gwamnati da wuya ka sami wanda ya fi su ɗaukar ma'aikata.

To wa ya kashe su? Amsar da ta fi sauƙi ita ce a ce 'yan Sin ne, a shafa fatiha a tashi. Ni ban yarda ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagin farko shi ne shirin tsuke bakin aljihu na 1986, sa'ad da aka karya darajar naira, kayan gyaran inji da sinadarin rini suka yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, baƙin man da ake hura tukunyar kamfani da shi ya yi wuyar samu da matatar Kaduna ta fara ciwo, masaƙi ya koma shi ne mai samar wa kansa wuta da ruwa. Nijeriya ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 1995, aka ɗage takunkumin shigo da yadi a 1997, a 2005 kuma aka soke ƙa'idar da ke iyakance cinikin tufafi tsakanin ƙasashe, masaƙun Sin suka cika duniya. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. Gwamnatoci kuwa sai rawar 'yan mata suke yi, a yi gaba a yi baya, yau a hana shigo da yadi gobe a buɗe. An ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu a zamanin 'Yar'aduwa da Jonathan wai don a farfaɗo da auduga da saƙa, Babban Banki kuma ya hana masu shigo da yadi kuɗin waje a 2019. Duk wanda ya shiga Kantin Kwari ya ga sakamakon da idonsa.

Amma akwai tsagin da ba mu son a ambata, domin hannunmu ne ya yi shi. Ko a shekarun da doka ta hana, kaya ba su daina shigowa ba. A sauke su a Kwatano ko Lome, a ce na Nijar ne, a kai su Maraɗi ko Ƙonni, dare ya yi su ɓullo ta Jibiya ko Illela ko Maigatari. Direban ba ɗan Sin ba ne. Mai sito ba ɗan Sin ba ne. Wanda ya kau da kai a kan iyaka ba ɗan Sin ba ne. Wanda ya ɗauki samfurin atamfar Kaduna ya hau jirgi ya kai Gwanju, ya ce a buga masa irinta da araha, har a sa mata tambarin cewa a Nijeriya aka yi, shi ma da hula da carbi ya tafi. Su kansu masu masaƙun waɗansu ba su da gaskiya, sun kwashi riba shekara da shekaru ba su sabunta inji ko ɗaya ba, da ruwa ya ƙare wa ɗan kada suka kulle ƙofa suka bar leburori da hamma. Sa'an nan ga mu, masu saye, waɗanda in an ce mana abu na gida ne sai mu taɓe baki.

Yanzu bari in juyo kan masu sukar irin waɗannan bukukuwa, domin kada su ɗauka ina tare da su ɗari bisa ɗari. Duk sa'ad da aka yi maganar nunin tufafi a ƙasar Hausa, gardamar ɗaya ce, watau tsiraici da tarbiyya. Alphadi, telan nan na Nijar da ya yi suna a Faris, ya shirya bikinsa na FIMA karo na farko a 1998 a cikin hamada, a Tigidit kusa da Agadas. Da aka kawo bikin Yamai a 2000 sai da aka yi zanga-zanga a Yamai da Maraɗi. A nan Kano a 2021 Hukumar Hisba ta hana teloli da masu kanti kafa mutum-mutumin nuna kaya, aka yi ta ce-ce-ku-ce har a gidajen rediyon ƙasashen waje. Ni ba malami ba ne, ba zan yi fatawa ba, kuma ina cikin masu son a kiyaye mutunci a sutura. Abin da nake cewa shi ne, mun yi makonni muna gardama a kan gunkin roba, ba wanda ya tambayi rigar da ke jikin gunkin daga ina ta zo. Akwai tsiraicin da ya wuce na jiki. Al'ummar da in aka rufe teku wata shida ba za ta iya yi wa jaririnta zanen goyo ba, ba za ta iya yi wa mamacinta likkafani ba, wannan al'umma a tuɓe take ko da kowa ya zuba malum-malum. Ku tambayi masu sayar da alawayyo a kasuwa daga ina yake zuwa.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ai teloli suna samu, 'yan Kantin Kwari suna samu, dubban mutane ke ci a wannan kasuwa, har daga Nijar da Cadi da Kamaru ake zuwa sari. Gaskiya ne, kuma ba na fatan kowa ya rasa abincinsa. Amma a dubi rigar nan da na ce tana ciyar da gida bakwai ko takwas. Yau saura gida biyu, mai sayarwa da mai ɗinkawa. Manomin auduga ya fita, mai kaɗi ta fita, masaƙi ya fita. Marini ma yana bakin ƙofa, domin a 2015 sai da marinan Kano suka yi jerin gwano zuwa fadar Sarki suna kukan cewa rinannun kaya daga Sin za su raba su da sana'arsu. Abin tausayi kuma shi ne, mafi yawansu farar shaddar waje suke rinawa da sinadarin waje, watau ana faɗa ne a kan ɗan abin da ya rage a ƙasan tukunya. Shi kansa tela kada ya saki jiki, domin wanda ya iya saƙa maka yadi ya iya ɗinka maka shi, ga dogayen riguna nan ɗinkakku suna shigowa dila-dila, ga gwanjo a Ƙofar Wambai.

Za a kuma ce ai ita atamfar ma asalinta ba tamu ba ce. Wannan ma haka ne. Daga tsibirin Jawa Turawan Holan suka kwaikwayo ta, kamfanin Vlisco da matanmu ke ji da shi yana can garin Helmond tun 1846. Bahaushe bai taɓa ƙin aro ba, mun aro alkyabba da jabba da kufta daga Larabawa. Amma kakanninmu in sun aro abu sukan zauna su koyi yinsa, har su sayar wa wanda suka aro a wurinsa. Atamfar ma ai mun koya, an buga ta a ƙasar nan, an sa ta a lefe ba kunya. Aron salo daban, aron zanen ɗaurawa daban.

Za a ce na gida ya fi tsada, talaka ina zai iya? Wannan ita ce hujja mai ƙarfi, kuma ban zo in ɗora wa mai neman na tuwo laifi ba. Amma waɗanda na gani a zauren nan ba talakawa ba ne. Mutumin da ke sayen shaddar Getzner ya ba da aikin wuya na dubban nairori, ba tsada ce ta hana shi sayen saƙi ba, raini ne. Ku yi lissafin anko kawai. A ce biki ɗaya mata 200 suka yi anko, kowace turmi ɗaya mai yadi 6, yadi 1,200 ke nan a yini guda, a gida guda. Biki nawa ake yi a Kano ran Asabar ɗaya? Ga ankon kamu, ga na yini, ga na dina, abin da iyayenmu ba su san shi ba. Duk wannan kuɗi jirgi yake hawa.

Irin wannan hasara muke yi a fata. A Calawa, can wajen Fanshekara, ana jeme fatun awaki da na tumaki, a ɗaure su a tura Italiya da Sifen. Can za a yanka su a yi jaka da takalmi, a buga musu suna, a hau dandamali da su a Milan, sa'an nan 'yar gayunmu ta sayo da kuɗin da ya ninka na fatar sau ba adadi, ko kuma ta sayi kwaikwayonsu na roba. Mu abin da aka bar mana shi ne wari da baƙin ruwan da ke gangarawa kogi. Wannan ma ba yau aka fara ba. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta daɗe tana ƙetare Sahara, Turawa suna yi wa littattafansu bango da ita suna kiranta fatar Maroko, domin ta can take isa gare su. A da sunan kawai muka rasa, dukawanmu suna nan suna aiki. Yanzu har aikin muna nema mu rasa.

Kada a ce abin ba ya yiwuwa. Thomas Sankara, a 'yan shekarun da ya yi yana mulkin Burkina Faso daga 1983 zuwa 1987, ya sa ma'aikatan gwamnati sanya saƙar ƙasarsu, Faso Dan Fani, kuma har yau ana saƙa ta ana sawa da alfahari. Gana ta ware ranar Juma'a domin tufafin gida tun 2004. Kusa da mu ma, wani saurayi mai suna Kenneth Ize ya ɗauki saƙar Yarabawa ta aso-oke, wadda masaƙa ke yi masa da hannu, ya kai ta dandamalin Faris a 2020, har Naomi Campbell ta yi taku da ita, ya kuma kafa wurin saƙa a Ilori. Ga dizaina wanda ya amsa sunansa, domin da ya hau sama ya jawo masaƙi ya hau da shi. Mu ina namu? Ina wanda zai ɗauki saƙi da barage da tsamiya da gwado da luru ya fitar da su a sabon salo? Da yawa daga cikin 'yan gayunmu ko sunayen ba su taɓa ji ba.

A nan ne zan taɓo mu, 'yan wannan ƙungiya, da malamanmu, a gafarce ni. Ku shiga ɗakin karatu na sashe ku ga kundayen digiri nawa aka rubuta a kan saƙa da rini da jima da dukanci. An jera sunayen kayan aiki, an kawo karin maganar da ta shafe su, an ci jarrabawa, an ajiye a kanta ƙura tana hawa. Muna nazarin sana'o'in nan kamar masu wankan gawa. Ban ga kundin da ya je Sharaɗa ya zauna da tsofaffin ma'aikatan masaƙa ya rubuta tarihinsu da kalmomin da suka ƙirƙiro a bakin inji ba, alhali kuwa suna nan a Na'ibawa da Sheka da Fanshekara, kullum ana binne ɗaya. Kuma duk shekara in Makon Hausa ya zo, ko Ranar Hausa ta 26 ga Agusta, mukan yi shigar gargajiya, wani ya yi shigar sarki, wata ta yi shigar amarya, a ɗauki hoto. Ni ma na yi. Rigar sarkin shaddar Sin ce, rawaninsa ma haka. Mu da sanƙiran nan da na zarga, bambancinmu kaɗan ne.

Saboda haka ga abin da zan kawo a taron ƙungiya mai zuwa, ina kuma neman masu mara mini baya. Na ji ana shawarar mu ma mu sa nunin tufafi a cikin shirin Makon Hausa na bana. Ban ƙi ba, a yi shi cikin mutunci. Amma da sharaɗi. Duk rigar da za ta hau dandamalinmu, mai gabatarwa ya faɗa da babbar murya inda aka noma audugarta, da inda aka saƙa ta, da inda aka rina ta, da wanda ya ɗinka ta. In ta Sin ce a ce ta Sin ce, ba zagi ba ne, amma kada a kira ta al'ada. Sa'an nan kowane tela da zai shiga ya kawo aƙalla ɗinki ɗaya na saƙar hannu, wadda aka sayo a wurin masaƙi da kuɗi hannu, ba wadda aka aro daga adakar kaka ba. Masaƙan suna nan a Minjibir da ƙauyukan da ke kewaye, marina suna nan a Kura da Ƙofar Mata, masu aikin allura suna nan a cikin birni da Zariya. A gayyato su, a ba su kujera a sahun gaba kusa da shugaban sashe, a kira sunansu yadda ake kiran na dizaina. Kuɗin da muke kashewa a hayar kujeru masu riga da lemon kwalba ya isa ya sayi ƙwarya da yawa ta saƙi. Na san wannan ba zai tayar da inji ko ɗaya a Sharaɗa ba, wancan sai an gyara wuta, an tsare iyaka, an koma gonar auduga, kuma aikin hukuma ne. Amma ɗaliban da ke zaune a zauren nan su ne gobe za su zama kwastan da kwamishinoni da iyayen amare masu fitar da anko.

Akwai wani guntun farin yadi, bai kai yadi uku ba, da mahaifiyata ta ɓoye a ƙasan akwati, na ƙarshe da Baba ya shigo da shi gida kafin a rufe ƙofa. Na roƙe ta ta ba ni aronsa, zan zo da shi wurin taron domin duk mai cewa na gida ba shi da kyau ya taɓa da hannunsa. Ƙanwata kuwa na koma shagonta na ba ta amsar tambayarta. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "To Yaya, na ji. Amma saƙi ƙwarya-ƙwarya yake zuwa, haɗa shi aiki ne, kuma kai za ka biya kuɗin mota zuwa Minjibir." Na ce na yarda. Ranar Asabar mai zuwa za mu tafi in Allah ya so, wanda ke da sha'awa ya same mu a tashar Na'ibawa da ƙarfe bakwai na safe. Wassalam.